Yadda ake gane da zaɓar ƙarafunan haɗin tuƙi na ƙaramin jirgin sama haɗin gida

"Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin wanda ake sayar da sassansa mutum ya harhaɗa da kansa, daga hannun wani da ya fara aikin ya bari. Ƙirar Amurka ce. Ya haɗa mini da kwali cike da bolti da notuna da wasu kawunan sanda masu ƙwallo a ciki, duk an juye su wuri guda, rubutun jikin ledojin kuma ya goge. Yanzu na iso kan haɗa sandar tuƙi da fikafikan da take motsawa. Yaya zan gane kowanne? Wanda na rasa kuma, zan iya sayen makamancinsa a kasuwar kayan mota?"

Wa alaikumus salam, malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: gane abin da ke cikin kwalin, da sanin wanda ya dace da kowace gaɓa. Ta biyun ta fi nauyi, domin mutum yana iya karanta lambar bolti daidai ya kuma saka shi inda bai kamata ba. Batun kasuwar kayan mota kuwa, amsata a'a ce ga duk abin da ke tsakanin hannun matuƙi da fiffike, zan kuma nuna maka dalilin da awo.

Tunda ƙirar Amurka ce, kusan komai na jirgin yana bin tsarin inci, da lambobin da ke farawa da AN, MS ko NAS. AN tsohon ma'auni ne na sojojin Amurka, MS ya zo bayansa, shi ya sa za ka ga abu ɗaya da lamba biyu a kasidun 'yan kasuwa irin su Aircraft Spruce da Wicks. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga injiniyoyin jirgi a Najeriya, domin jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don horar da matuƙan sojan sama daga RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi. Littafin da ake komawa gare shi kan yadda ake ɗaure waɗannan kaya shi ne AC 43.13-1B na hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, wanda ake samu kyauta a intanet. Babi na 7 ne naka. Amma zanen jirginka yana gaba da shi: duk inda mai ƙira ya rubuta lamba, ita za ka bi.

Karanta bolti

Ka fara da kalifar awon kauri da ma'aunin zare, ka baje kayan a kan farin ƙyalle. Lambar da ke bayan AN kaurin bolti ce a lissafin kashi 16 na inci. AN3 shi ne 3/16, zarensa 10-32. AN4 rubu'in inci ne, zarensa 1/4-28. AN5 kuma 5/16, zare 24 a kowane inci. A haɗin tuƙin ƙaramin jirgi AN3 da AN4 ne za su fi yawa. Lambar da ke bayan ɗan karan, kamar 10 a AN3-10A, tsawo ce a kashi 8 na inci, sai dai ba a amfani da 8 da 9: daga 7 sai 10, wato inci ɗaya, 12 kuma inci ɗaya da 2/8. Harafin A a ƙarshe yana nufin ba a huda gindin bolti ba. In babu A, akwai ƙaramar huda ta kotafin, wato fil ɗin nan mai ƙafa biyu da ake buɗewa. H a tsakiya, kamar AN4H, huda ce a kai don wayar kulle.

Sai ka duba kan. Bolti na AN na ƙarfe yana da alamar X ko tauraro a kansa, launinsa ruwan zinare saboda rufin kadmiyam. Kara ɗaya a kai ƙarfe ne mara tsatsa, kara biyu alminiyam, alamar kusurwa uku kuma na matsatsen awo ne da ake sakawa a ramin da ba a son ko ƙyas na motsi. Wanda kansa yake fayau ba alama, ko aka rubuta 8.8 ko 10.9, ko yake da layuka uku ko shida sun zagaye tsakiya, na mota ne ko na gini. Ka ware shi gefe tun yanzu. Kadmiyam ɗin nan guba ne in ya zama ƙura ko hayaƙi, don haka kada ka goga shi a dutsen wuta ko ka yi walda a kansa.

Abin da ya bambanta bolti na jirgi da na kasuwa ba ƙarfi kaɗai ba ne. AN yana ɗaukar ja na laba 125,000 a kan murabba'in inci, kusan megafaskal 860, wanda bai yi wa 8.8 nisa sosai ba, 10.9 ma ya fi shi a takarda. Bambancin yana ga jikin: na AN zarensa gajere ne, sauran jikin sumul yake, kuma wannan sumul ɗin ne ake so ya cike ramin gaba ɗaya. Na kasuwa zarensa dogo ne, sai ya zauna cikin rami, inda ƙarfen ya fi siranta, haƙoran zaren kuma su riƙa cin bakin ramin duk lokacin da aka motsa sanda. Ga misalin lissafin. A ce ƙwallon ido, wato ƙwallon da ke cikin kawunan sandan nan da zan riƙa kira ido, faɗinsa inci 0.437, yana tsakanin faranti biyu kowanne 0.063. Jimla 0.563. AN3-10A sumul ɗinsa 0.625 ne, saura 0.062, wanda washa ɗaya AN960-10 mai kaurin 0.063 za ta cike a ƙarƙashin noti. In ka ga kana buƙatar washa fiye da uku, boltin ya yi tsawo, canza shi. In noti ya ɗauru amma ko zare ɗaya bai leƙo bayansa ba, ya yi gajarta.

Ga kuma tarkon da ke kama masu aiki a ƙasashen da ake awo da milimita. Zaren 10-32 tazararsa milimita 0.794, na M5 kuma 0.8, saboda haka notin M5 yana hawa AN3 lafiya lau har ka ce nasa ne, alhali ya fi shi faɗi da kusan kashi biyu cikin goma na milimita, zaren bai kama sosai ba. M6 kuma yana shiga ramin rubu'in inci ya bar giɓin milimita 0.35. Kada ka raina wannan giɓi. In hannun da ke juya fiffiken jela tsawonsa santimita 7 ne, fiffiken kuma faɗinsa 30, giɓin zai ninka fiye da sau huɗu a bakin baya, kuma daga sandar tuƙi zuwa jela gaɓoɓi biyar ko shida ne. Wannan sako-sako shi ke buɗe ƙofa ga karkarwar fiffike a cikin gudu, wadda ke iya ɓalle shi cikin daƙiƙoƙi.

Tambayar da za ka yi wa kowace gaɓa

Kafin ka ɗauki noti, ka tambayi kanka: a wannan gaɓa, boltin da kansa ne yake juyawa, ko wani abu ne ke juyawa a kewayensa shi yana ɗaure cik?

In bolti ya ratsa ƙwallon ido ko boris, ba shi ke juyawa ba. Aikinsa ya matse ƙwallon tsakanin faranti biyu, motsin kuma yana faruwa ne tsakanin ƙwallon da gidansa. A nan noti mai roba a ciki, AN365, wanda sabuwar lambarsa MS21044, ya halatta, kuma ana ɗaure shi da sifana mai awo: inci-laba 20 zuwa 25 ga AN3, 50 zuwa 70 ga AN4. Wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, ƙasa da abin da hannun bakaniken mota ya saba, kuma an fi lalata AN3 da yawan ɗauri fiye da ƙarancinsa. Wanda ya bar boltin nan sako-sako don wai gaɓar ta yi laushi ya mayar da shi abin juyawa, ramin faranti zai zama kamar ƙwai.

In kuwa boltin shi ne abin da ake juyawa a kansa, kamar inda cokalin ƙarshen waya ya kama hannun fiffiken jela na tsaye, ko inda feda ke lilo ba boris, to noti mai roba ba shi da wuri. Juyawar gaba da baya tana kwance shi sannu a hankali. Ana sa bolti mai huda, da noti mai giɓi AN310, da kotafin AN380-2-2, wanda ya yi wa AN3 da AN4 daidai. Ba a matse shi. Ana kai shi inda ya taɓa, a ja baya zuwa giɓi na kusa, har gaɓar ta juya ba tare da ta yi lako-lako ba. Akwai bolti na musamman don wannan aiki, AN23 da AN24, masu kai zagayayye da tsagar sukurudireba, ana haɗa su da siririn noti AN320. In ka gan su a kwalinka, ka sani na ɗaukar nauyi ne a gicciye kawai, ba a sa su inda ake jan su ta tsawo. Kotafin kuma sau ɗaya ake amfani da shi.

Ido mai ƙwallo da sandar turi

Kawunan sandan da ka ambata su ne kasidu ke kira rod end, wasu su ce Heim, da sunan kamfanin da ya yi fice da su. Abu huɗu za ka auna: ramin ƙwallo, zare, faɗin ƙwallo, da ko namiji ne mai zare a waje ko mace mai zare a ciki. Yawancinsu akwai lamba a jiki, ka nemi gilashin ƙara girma. M3414M na Heim ramin 3/16 ne, zare 1/4-28, faɗin ƙwallo 14/32, F3414M kuma macensa. MD3614M rami ɗaya suke amma zarensa 3/8-24. A wajen kamfanin Aurora, MM namiji ne zaren dama, MB namiji zaren hagu, MW da MG matansu. Ka lura da wannan, domin masu ƙira da yawa suna son rami ƙarami da wuya mai kauri, kuma wanda ya musanya M3414M da MM-3 don ramin ɗaya ne ya rage kaurin wuyan daga rubu'in inci zuwa 3/16 bai sani ba. Wuyan nan, daidai inda zare ya fito daga sanda, shi ke karyewa.

Ka kama ƙwallon da yatsu biyu ka jijjiga shi ta tsawon wuya. Bai kamata ka ji komai ba. In ya yi ƙas-ƙas, ko yana cijewa a wani wuri, ko akwai tsatsa a bakin gidansa, ya gama aiki.

Wajen ɗaurawa abu uku ne ba na sassauci a kansu. Na farko, zurfin zare. Macen ido da yawancin kawunan da ake sakawa cikin bututu suna da ƙaramar huda ta shaida a gefe. Ka tura siririyar waya: in ta wuce, zaren bai kai ba. In babu hudar, ka tabbata abin da ya shiga ya kai kaurin zaren sau ɗaya da rabi. Ƙari a kan haka, in duka ƙarshen sandar zaren dama ne, fiye da rabin zaren kowane ido ya kasance a ciki. Dalili shi ne, in notunan kulle suka saki, sandar ta fara juyawa, gefe ɗaya zai shige ya tokare kafin ɗayan ya fita. Na biyu, notin kulle AN316 a kowane ido, a ɗaure, a ja masa layin fenti da zai nuna in ya motsa. Na uku, in idon yana gefe guda ne na hannu, ba tsakanin faranti biyu ba, a sa babbar washa AN970 a waje, wadda ta fi ramin gidan faɗi. Ranar da ƙwallo ya fice daga gidansa, ita za ta hana sandar zamewa ta bar bolti.

Akwai gwaji mai sauƙi da mutane ke tsallakewa. Ka kai sandar tuƙi ƙarshen tafiyarta a kusurwa huɗu, gaba da dama, gaba da hagu, baya da dama, baya da hagu, wani kuma ya kama kowace sandar turi ya murɗa ta da yatsu. Dole ta ɗan juya. In ta ƙage, gidan idon ya tokari faranti, kuma daga nan wuyan ne ke lanƙwasawa duk lokacin da matuƙi ya kai ƙarshe. Maganinsa ƙaramar washa mai siririn baki ko zoben tazara a gefen ƙwallon. Abin da ke tsayar da tafiyar tuƙi ya zama matokarin da mai ƙira ya tanada, ba wata gaɓa da ta cije ba.

Ita sandar kanta bututu ne na alminiyam 6061-T6 ko ƙarfe 4130, ana saka mata kai mai zare irin AN490 da ribit ko walda. Ja ba ya damunta, turi ne matsala. Nauyin da za ta ɗauka kafin ta tanƙware yana raguwa da ninkin tsawo a kansa: ka ninka tsawo biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa doguwar sandar da ke zuwa jela takan zama bututu mai faɗi, inci ɗaya ko fiye, mai siririn bango. Kada ka musanya ta da siriri mai kaurin bango kana ganin nauyinsu ɗaya. Wadda ta lotsa ko ta ɗan karkace ba a miƙe ta, sabuwa ake yi.

Waya da tanbokul

Idan jirginka yana jan fiffiken jela na tsaye da waya, kamar yawancinsu, ka ƙirga silin. 7x19 igiya bakwai ce kowace da sili 19, ita ce mai laushi da ke bin fuli. 7x7 ta fi tauri, 1x19 kuma ta ɗaurin tsaye ce, ba ta lanƙwasa. Waya 7x19 mai kaurin 1/8 tana tsinkewa a laba 2,000 in mai rufin zinki ce, 1,760 in mara tsatsa ce. Tsohuwar dokar FAA ta jiragen da ake ba takardar shaida ta hana abin da ya gaza 1/8 a babban tuƙi, ko da yake wasu ƙananan jiragen haɗin gida suna amfani da 3/32 bisa zanen mai ƙira. Ni na fi son mai zinki a wuri busasshe, domin mara tsatsa ta fi saurin cinyewa a kan fuli.

Madaukin ƙarshen waya ana yin sa da zoben kariya AN100 da hannun riga na jan ƙarfe na Nicopress: 18-3-M ko 28-3-M ga waya 1/8, matsa uku, tsakiya tukuna, sai gefen madauki, sai ɗaya gefen. Waya mara tsatsa tana da nata jerin, masu farawa da 428. Na alminiyam da ake sayarwa don shinge ko igiyar shanya ba na jirgi ba ne ko da sun yi kama. Kowace matsa a gwada ta da ma'aunin da ke zuwa da abin matsawar, sannan a ja wayar da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinta na minti uku, wato laba 1,200, kusan kilo 545, ga mai zinki 1/8. A ɗiga fenti inda wayar ta shiga hannun rigar don a gane in ta zame.

Tanbokul ganga ce ta tagulla mai zaren dama a gefe ɗaya, na hagu a ɗayan, gefen hagun yana da zobe da aka tsaga a kewayensa. Bayan an tsuke waya, zaren da ke waje kada ya wuce uku a kowane gefe. Tsofaffin, dangin AN130 da AN140, da wayar kulle mai kaurin inci 0.040 ake ɗaure su ga waya 1/8, a naɗe aƙalla sau huɗu a kowane wuya. Sababbin, MS21251, da ƙananan filoli MS21256 ake kulle su, kuma sai kan da ke shiga gangar yana da tsagar da fil zai bi. Tsukewar kanta da ma'auni ake yi, a kuma duba zafin ranar, domin jikin alminiyam ya fi wayar ƙarfe buɗewa da zafi. Wadda aka tsuke da sanyin safiyar hunturu za ta ƙara tauri da azahar ɗin bazara. Kowane fuli ya kasance da fil ko murfi kusa da bakinsa da zai hana waya tsallakewa in ta saki, zoben jagora kuma kada ya karkatar da waya fiye da digiri 3.

Gefen inji

Gaban bangon wuta, wato farantin da ya raba inji da mazaunin matuƙi, roba ba ta da amana. Noti mai roba iyakarsa digiri 121 a ma'aunin Salshiyas, don haka a haɗin totur da na cakuɗin mai ana sa noti mai giɓi da kotafin, ko na ƙarfe zalla MS21042, tare da babbar washar nan a kan ido. Inji yana rawa a kan robobinsa, sai a ɗaure rigar kebul ɗin totur a jikin injin, ba a jikin jirgi ba, in ba haka ba totur zai riƙa motsi da kansa. In injinka Rotax 912 ne, sifirin kafiretocinsa yana jan totur zuwa buɗewa ne gaba ɗaya in kebul ya tsinke. Da gangan aka yi haka, kada ka juya shi.

Inda ƙurar hunturu take da yawa, kada ka cika ƙwallon ido da ke waje da giris. Ƙura tana manne masa ta zama abin goge ƙarfe. Ka share, ka sa mai kaɗan mara danƙo. Masu shimfiɗar teflon a ciki ba a sa musu komai.

Me za a yi da kwalin

Ka kasa shi uku. Wanda yake da alama, awonsa ya yi daidai da lambar da ke zane, rufinsa bai goge ba, babu sawun sifana ko na juyawa a jikinsa, za a iya amfani da shi. Wanda na jirgi ne amma an taɓa ɗaure shi, ka ajiye don gwajin haɗawa, ka shafa masa jan fenti kada ya ɓuya a jiki. Noti mai roba da ke shiga har ƙarshe da yatsa kawai ya mutu. Kashi na uku, duk abin da ba ka iya tabbatar da asalinsa ba, ya bar wurin aikin gaba ɗaya. Idanu masu ƙwallo da ba lamba a jikinsu suna cikin wannan kashi ko da sun yi sabo fil. Gaba ɗaya kayan haɗin tuƙi ba su da yawa, kuɗinsu kaɗan ne in aka gwada da inji, don haka abin da na saba ba da shawara shi ne a rubuta jerin daga zane a sayo sababbi daga dillalin kayan jirgi, a adana takardar sayen a fayil ɗin ginin.

Daga bayani a rubuce ba wanda zai iya tabbatar maka da ƙarfen da bai riƙe a hannu ba, kuma nauyin da kowace gaɓa ke ɗauka a jirginka mai ƙira ne ya lissafa shi. In lambar da ke zane ta ɓace daga kasuwa, ka rubuta wa kamfanin ka nemi wadda suka amince ta maye gurbinta. A Amurka EAA, ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida, tana da masu ba da shawara da ke zuwa duba gini, a Ingila masu duba na takwararta LAA ne. In a Najeriya kake, ka nemi injiniyan jirgi mai lasisi, irin waɗanda kwalejin Zariya ke horarwa, ka kuma tuntuɓi NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, kan rajista tun kafin ka rufe jikin jirgin. Ranar duba, shi ya bi kowace gaɓa daga sandar tuƙi zuwa fiffike da fitila da madubi ba tare da ka nuna masa komai ba, sannan ya tsaya a baya ya faɗi abin da yake gani yayin da kake motsawa: sanda dama, fiffiken gefen dama ya ɗaga na hagu ya sauka, sanda baya, fiffiken jela na kwance ya ɗaga, feda ta dama, na tsaye ya karkata dama.